Takardar Baftismar Mathurin Baradel

A Kebek ta ƙasar Kanada za ka samu mutumin da ya shekara ashirin bai san sunan maƙwabcinsa ba, amma tambaye shi ƙauyen da kakan kakan kakansa ya baro a Faransa, zai faɗa maka har da sunan cocin. Mu zuri'ar Baradel namu ƙauyen Saint-Orlan ne. Muna da ƙungiya, muna da tuta, muna da mujalla mai fitowa sau biyu a shekara, muna kuma da allon tagulla a jikin bangon cocin ƙauyen. Hujja ce kawai ba mu da ita, ni kuma aka ɗora wa nemo ta.

Mahaifina Ovila ne ya gano ƙauyen, ga kuma yadda ya yi. Takardar auren kakanmu na farko, ta shekarar 1738, cewa ta yi: Mathurin Baradel, ɗan Julien Baradel da Perrine Houdayer, daga yankin bishop na Le Mans. Fadan cocin da ya rubuta ta bai ga dalilin wahalar da alƙalaminsa da sunan ƙauye ba, alhali yankin yana da coci sama da ɗari bakwai. Baba ya ƙare rayuwarsa a masana'antar takarda, amma takardar da ba a rubuta komai a kanta ba ya sani. Sai ya sa wata sistar coci 'yar garinmu da ke aiki a Faransa ta duba masa littafin lambobin tarho. Baradel ɗaya ta samu, Gustave, mai gidan burodi a Saint-Orlan. Baba ya rubuta masa wasiƙa. Amsa ta zo, ta fara da "Ya ɗan'uwana." Bincike ya ƙare.

A watan Agusta na 1979 jirgin sama guda ya kwashi Baradel ɗari da tamanin, har da ni, lokacin ina ƙarasa digirina na biyu a tarihi. Aka yaye ƙyalle daga allon: "A nan aka haifi Mathurin Baradel, manomi, ran 9 ga Nuwamba 1709. Zuri'arsa ta Kanada ba ta manta ba." Mata suka yi kuka. Magajin gari ya sumbaci Baba a kunci biyu, ya kira shi Shugaba, mutumin da a wurin aiki ba a taɓa ce masa komai ba sai "Kai Ovila, injin na uku ya tsaya."

Na tambayi Baba inda ya samo ranar haihuwar.

"Kakata ce ta faɗa mini."

"Kakarka da ba ta san shekarun 'ya'yanta ba?"

"'Ya'yanta sha huɗu ne. Mathurin ɗaya ne."

Kundin baftisma na Saint-Orlan ya ƙone tun zamanin juyin juya halin Faransa, saboda haka babu takardar da za a nuna wa kowa. Bayan shekara biyu Baba ya kira ni ya ce, "Na kai ka jami'a ka karanci matattu. To ga naka mataccen. Nemo mini takardarsa."

Ni malamin kwaleji ne, ina da hutun wata biyu duk shekara. Hutu ashirin da biyu na zuba a Saint-Orlan da ma'ajiyar takardun tarihi ta Laval, babban garin yankin. Tunda ƙofar gaba ta ƙone sai na bi ta tagogi: takardun gado, na hayar gona, na rigimar iyaka, na sadaki. Na san wanda ya gaji wace saniya a ƙauyen a shekarar 1712. Na san wanda ya doki fada a ranar kasuwa. Ban ci karo da Baradel ko ɗaya ba, ko a matsayin shaidan auren wani. Da na tambayi Gustave mai burodi, sai ya ce danginsu sun tafi Paris neman aiki ne suka daɗe kafin su dawo, ya cika mini jaka da burodi. Da ɗalibina ne ya kawo mini irin wannan sakamako a shekara ta biyu, da na ce masa ya ɗaga idonsa ya duba wani wuri. Amma ni ba ɗalibi ba ne, ɗa ne.

Ba wai ban gwada ba. Wata ma'aikaciyar ma'ajiyar ta taɓa ce mini, saurayi marar aure da ya isa Kanada a waɗannan shekaru daga wannan yanki mai iyaka da Bretagne, ya kamata in leƙa takardun kotun gishiri, mai hukunta masu kauce wa harajinsa. Na kawo wa Baba maganar a teburin cin abinci.

"Ka ji shi, Marielle? Mutum ya ɓatar da maɓallinsa a ɗaki, zai tafi nema a kasuwa."

"In ba a ɗakin ya faɗi ba fa, Baba?"

Sai ya zare na'urar da ke kunnensa ya ajiye kusa da faranti. Injuna sun cinye masa ji, kuma a gidanmu haka kowace muhawara take ƙarewa. Marielle yayata, shugabar ma'aikatan jinya ce a asibitin garinmu kuma sakatariyar ƙungiya, ta raka ni bakin ƙofa.

"Florent, kar ka tayar masa da hawan jini. Ka dai ƙara dubawa a Saint-Orlan. Takardar tana nan."

A hutu na sha ɗaya matata Odette ta tafi. Abin da ta roƙa bai taka kara ya karya ba, sati biyu a bakin teku a Gaspé, sau ɗaya. Na ce mata baɗi. Ta ce ita mai rai ta aura, ba a gaya mata mai gadin maƙabarta ba ne.

Baba ya rasu a watan Fabrairu na 2003. Kwana biyu kafin nan, da rana, 'yan kwamitin ƙungiya suna kewaye da gadonsa, ya kama hannuna.

"Ku ƙone ni, ku kai ni Saint-Orlan. Kai kuma ka karanta takardar Mathurin a kaina."

"Baba, babu takardar."

"Nemo ta. Me kake yi da hutunka?"

Gwaggo Aurore, ƙanwarsa, ta share hawaye ta ce irin wannan mutum an daina yin su. Aka sa ranar binnewa ashirin ga Yuli. Majalisar ƙauyen ta ba da wuri a kusurwar maƙabarta, Marielle ta yi hayar bas.

Na riga su tafiya da sati biyu, da akwatin tokar a jakata. Ba na alfahari da abin da zan faɗa, amma sai da ya zama toka na iya saɓa masa. Ina da shekara hamsin da biyu. Na shiga ma'ajiyar Laval, na cike takardar neman kundin kotun gishiri, ina waige-waige kamar mai satar nama a tukunya.

Kwana huɗu ya ɗauke ni. A wancan zamani gishiri a lardin Bretagne kusan kyauta ne, ka tsallako iyaka kuwa harajin sarki ya ninka shi ninkin ba ninkin, don haka rabin samarin iyakar 'yan fasa-ƙwauri ne. Ga shi nan a shekarar 1732: Mathurin Baradel, ɗan shekara ashirin da uku, mutumin Vautorel, an kama shi karo na uku da buhun gishiri da kare. Aka yanke masa bautar tuƙa jiragen ruwan sarki, daga baya aka sassauta zuwa Kanada. A wurin alƙalan wancan zamani ƙasarmu sassauci ce, amma kaɗan. Karen an harbe shi.

Vautorel kilomita arba'in da biyar ne daga allon tagullarmu. Ofishin magajin garin Talata da Juma'a da safe kawai yake buɗewa. Sakatariyar, wata dattijuwa mai suna Madam Lochu, ta fito da kundin daga kabad ɗin da suke ajiye akwatin zaɓe, a naɗe cikin tsohon ƙyallen tebur.

"Laval sun rubuto sau uku mu kai musu," in ji ta. "Mun ce za mu duba. Wanke hannunka, Yallabai, ga famfo can."

Ban kai minti ashirin ba. Tawadar ta koma ruwan ƙasa amma rubutun fadan a fili yake: an yi wa Mathurin baftisma, ɗan Julien Baradel da Perrine Houdayer matarsa, wanda aka haifa a wannan rana, tara ga Nuwamba 1709.

Farin cikina ya kai kamar minti guda, kuma ina ba da shawarar kowa ya ɗanɗani irinsa. Sannan idona ya koma kan ranar. Kakar Baba, wadda ba ta taɓa fita daga gundumarmu ba, ta faɗi rana da wata da shekara daidai.

Madam Lochu ta ɗaukar mini hoton shafin a injinta, sannan ta turo mini wani littafin makaranta mai shuɗin bango.

"Duk wanda ya buɗe kundin sai ya sa hannu. Dokar wadda ta gabace ni ce. Ai 'yan ƙasarku sun taɓa zuwa, ina jin suna shafin farko. Ba mu cika samun baƙi ba."

Shafi biyu kawai aka cike a shekara arba'in. Layi na bakwai, 11 ga Mayu 1979, wata uku kafin a yaye ƙyallen: Ovila Baradel, Kanada. Na san wannan sa hannu, shi ne a ƙasan kowace takardar sakamakona ta makaranta. A ƙarƙashinsa, da rubutu mai tsabta irin na masu cike katin majinyata: Marielle Baradel.

"Danginka ne?"

"Haka aka ce mini," na ce.

Bas ɗin ta iso Saint-Orlan ran sha tara da hantsi, da Baradel talatin da takwas. Na tarar da Marielle a ɗakin cin abinci na masaukin, ta baje bajojin ƙungiya a kan tebur tana jera su bisa sunaye. Tambarinmu garma ce da damin alkama, Baba ne ya zana shi. Na ajiye hoton shafin a kan bajojin. Ta ɗaga tabarau, ta duba, ta sauke.

"Har yanzu a cikin ƙyallen teburin suke ajiye shi?"

Na yi ta shirya wa musu da kuka tun daga Vautorel. Wannan ban shirya masa ba.

"Yaya, shekara ashirin da biyu."

"Rage murya, Gwaggo tana bayan ƙofar nan tana jiƙa ƙafa. Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya, tsawonka ne. Wani tsohon fada ne ya ce wa Baba ya taɓa ganin sunan a can. Ni na tuƙa motar, ka san shi da ƙananan motocin Faransawa. Muka gani, muka fito, ya zauna a matakalar cocin ya fi awa. Me kake so ya yi? Mutum ɗari da tamanin sun ɗinka kaya. Majalisa ta riga ta sa wa dandalin ƙauye sunan Kebek. Gustave ya ware alade. Ya koma gida ya hau mumbari ya ce, jama'a ku yi haƙuri, ƙauyen ba shi ba ne?"

"Ya ɗauki ranar haihuwar dai."

"To ranar gaskiya ce, a bar ta ta lalace?"

"Manomi fa? Ɗan fasa-ƙwaurin gishiri ne, Yaya. Da sarƙa aka sa shi a jirgi."

Nan ta ɗago da gaske. "A'a? Wannan ban sani ba." Ta yi ɗan murmushi. "Shi ya sa duk gidan muke da hawan jini."

"Matata ta tafi a kan wannan abu."

"Odette ta tafi ne saboda kai, kar ka ɗora wa matacce. Kuma kar ka yi mini fuskar shahidi, kana jin daɗin ƙurar nan. Wa ya taɓa ganinka da fara'a in ba a cikin tsofaffin takardu ba?"

"Ya kama hannuna a gadon asibiti ya ce in nemo ta."

"A gaban kwamiti. Me kake so ya ce a gaban kwamiti?" Ta ɗauki hoton shafin ta miƙo mini. "Saurara, ƙanena. Gobe ka karanta ta. Sunan yaro, sunan uwa, sunan uba, rana. Sunan ƙauyen a saman shafi yake, ba wanda ya ce dole a karanta saman shafi. Ka cika wa Baba alkawari, tsofaffin nan su koma gida da daɗin rai, ba ka yi ƙarya ko ɗaya ba. Ni na ga mutane da yawa suna mutuwa, ban ga wanda sunan ƙauye ya ceta ba."

"In na ƙi fa?"

"Ba ka taɓa ƙi ba. Ungo bajonka."

Na karɓa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan har yau.

Washegari ƙarfe sha ɗaya muka taru a maƙabarta. Rana ta fito sosai. An haƙa ɗan rami kamar na dashen itacen tuffa, an shimfiɗa tutar ƙungiya a gefensa. Mutanen ƙauye sun zo da yawa, don Baba ya zo nan sau goma sha biyu kuma kowane zuwa da kwalaben ruwan zaƙin itacen ƙasarmu yake rabawa gida-gida. Magajin garin yanzu, ɗan wancan na farko, ya ɗaura ɗamararsa mai launi uku ya yi jawabi a kan igiyar da teku bai iya tsinkewa ba. Gustave ya daɗe da rasuwa, ɗansa Fernand ne ya gaji gidan burodin da matsayin ɗan'uwa. Shi ya karɓi akwatin daga hannuna ya saka a ramin.

Marielle ta ce, "Yanzu ƙanena Florent, masanin tarihinmu, zai cika wasiyyar Shugaba. Ya samo takardar."

Aka yi wani irin nishi na jama'a. Gwaggo Aurore ta dafe ƙirji.

Na fara daga saman shafi. Na ce kundin baftisma na cocin Vautorel, na maimaita sunan, na ƙara da cewa kilomita arba'in da biyar ne daga inda muke tsaye. Na karanta baftismar. Sannan na zaro takarda ta biyu na karanta hukuncin kotun gishiri gaba ɗayansa, da karo na uku, da buhun, da karen. Na ce ba a haifi Mathurin Baradel a wannan ƙauye ba, babu alamar ya taɓa taka shi, bai kuma taɓa riƙe garma a ƙasar Faransa ba. Na ce marigayin da ke cikin akwatin nan ya san da haka tun watan Mayun 1979. Shekara ashirin da huɗu ina koyarwa, na san yadda ake kai murya kujerar baya.

Na naɗe takardun na jira. Ban san me nake jira ba, wataƙila suma, wataƙila mari.

Magajin gari ne ya fara tafi. Sauran suka bi. Wani daga baya, ɗaya daga cikin Baradel ɗinmu na yankin Abitibi, ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan fasa-ƙwauri! Wallahi na san ba banza ba, surukina ya daɗe yana faɗa!" Aka yi dariya, irin wadda ake yi a maƙabarta a rufe baki da hannu. Fada ya yi addu'a. Aka ja layi, kowa zai ɗebi ƙasa a wani kwano ya zuba a ramin, mu 'ya'yansa mu ne na ƙarshe.

Fernand ya matso kusa da ni, yana warin yisti da man aski.

"Ka iya karatu, ɗan'uwa. Maganar karen nan ta taɓa ni."

"Ka ji abin da na ce kuwa? Ni da kai ba mu haɗa komai ba."

"Haba, wannan ai tsohon zance ne. Kakana daga Vosges, can wancan gefen Faransa, ya zo bayan yaƙin duniya na farko, ya auri 'yar mai gidan burodin. Mu ko Le Mans ba mu sani ba sai a taswira. Babanka ya faɗa wa babana tun ranar da suka dawo daga Vautorel, a bayan tanda. Babana ya ce, to sai me, aladen ya san haka ne?"

"Gustave ya ce mini kun tafi Paris kun dawo."

"E to, ka matsa masa da tambaya, ga shi mutum ne mai kunya." Ya dafa kafaɗata. "Kullum in ka wuce da jakarka da safe sai ya ce, ga bawan Allah nan zai tafi aiki. Yana ƙaunarka ƙwarai. Duk ƙauyen nan ana ƙaunarka."

"Duk ƙauyen sun sani?"

Ya duba layin kamar mai ƙirga kwastomomi. "Ban da fadan, sabo ne."

Na juya wajen Gwaggo Aurore, tana dogara da sanda tana jiran a miƙo mata kwanon.

"Gwaggo, ke ma?"

"Ni ban san komai ba, ɗana. An dai ce mana a kwamiti kar a riƙa tayar da maganar a gabanka, kana da saurin damuwa."

Layin yana raguwa. Marielle tana gefena, ta harɗe hannu, idonta a kan ramin.

"Ka huce?" ta ce a hankali. "Ka ga an mutu?"

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Baba ya ɓoye maganar, na gane. Ya bar allon, na gane. Me ya sa ya aike ni?"

Ta bi mutum biyu da kallo suna zuba ƙasarsu. Ina jin da a ɗakin majinyata ne da ta ce in jira likita.

"A 1981 masu binciken asali na Montréal suka rubuto. Suna haɗa babban kundin iyalai, suna son hujjar Saint-Orlan, in babu za su tura nasu mutum ya bincika. Baba bai yi barcin kirki ba sati guda. Sai ya amsa musu cewa ɗansa mai digiri biyu a tarihi yana kan aikin. Suka ce madalla, suka bar maka. Ka san su, ba sa shiga gonar wani." Ta gyara bajon da ke ƙirjinta. "Muddin kana nema, ba wanda zai nema. Shi ke nan, babu wani abu bayan wannan."

Na yi karatun shekara bakwai a jami'a, na iya karanta rubutun fada na ƙarni na sha bakwai ko da ɓera ya ci rabinsa, kuma aikin da aka ɗauke ni shi ne na tsumman da ake ratayawa a sanda a tsakiyar gona don tsuntsaye.

"Yana alfahari da kai," in ji ta. "Wannan ba ƙarya ba ne."

"Da wanne? Da neman ko da rashin samun?"

Sai layi ya zo kanmu. Ta ɗebi ƙasa ta zuba, ta yi alamar gicciye, ta miƙo mini kwanon. Masu kyamara suka ɗaga. Na leƙa ramin. Ƙasa ta kusa rufe akwatin, kusurwa ɗaya ce ta rage tana ƙyalli. Ya ce in kawo shi, na kawo shi. Ya ce in karanta, na karanta. Ban tuna ya ce in rufe shi ba.

Na miƙa wa Fernand kwanon. "Ungo, ɗan'uwa. Ku kuka san shi."

Na cire bajon na ajiye a kan bangon maƙabartar, na bi ta ƙaramar ƙofa. Ina jin Gwaggo Aurore tana kira, "Florent! Hoto! Kai ne dogo, wa zai riƙe tutar?" Ban waiwaya ba. Niyyata in shiga motar hayata in kama hanyar Paris, in kwana a filin jirgi in ta kama.

Na iske bas ɗin ƙungiya ta tsaya a gicciye a bakin dandalin Kebek, ta toshe motata tsakaninta da bangon coci, daidai ƙarƙashin allon tagulla. Direban ba ya ciki. Wata mata da ke shanya a tagarta ta ce ya tafi zauren taro, an gayyace shi walimar magajin gari, ai ba za a bar baƙo a rana ba.

Zauren yana can ƙarshen titi, ƙofofinsa a buɗe. Na ga sun fito daga maƙabarta biyu-biyu sun nufe shi, tuta a gaba, wani gajere yana riƙe da ita tana jan ƙasa. In ina son direban sai na shiga can, in ratsa su duka, in karɓi kofi.

Na zauna a kan murfin motar. Awa biyu da minti goma suka yi, kuma wajen ƙarshe har waƙa suka rera.